Asuwaki a Kan Katanga

Tun da Sale ya fara samu a sana'arsa ta gyaran babur a Tsafe kuke damuna da maganar tsohon ɗakina. Kun ce ginin ƙasa ya wuce zamani, a rushe shi a yi na bulo da kwano. Ni kuma na ce a gina duk inda aka ga dama a gidan nan, amma a bar mini wannan. Ina jin abin da kuke faɗa a tsakar gida in kuna zaton na yi nisa: wai Baba taurin kai ne, wai ko ya binne wani abu a ciki. Na kuma san kun daɗe kuna lura ba na sakin jiki da Babanku Sanusi, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, har wasunku na cewa gonar gado ce ta shiga tsakaninmu. Ba gona ba ce. Maganar ɗakin da maganar Sanusi magana ɗaya ce. Tun da Allah ya sa na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, gara in rubuta muku ita da hannuna, domin da baki ba zan iya ba.

Yayarku ta Gusau ita ce 'yar farina. Ku da kuka taso yanzu kuna ganin iyaye suna ɗaukar ɗan fari suna yawo da shi a kafaɗa, ba za ku gane yadda muka taso a 'Yandoto ba. A lokacinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya yi masa wasa. In ta faɗi a gabana, sai in kau da kai har wani ya ɗaga ta. Tun ranar suna har yau bakina bai ƙara furta sunanta ba, kuma ko a takardar nan Yayarku zan ce. Uwarku Rabi ma haka take, "waccan" take ce mata. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa jin nauyinta ba sai a shekarar da zan ba ku labari.

Abu ɗaya ne ya haɗa ni da ita wanda ba mai cewa na yi rashin kunya. Ni mutum ne mai son asuwaki. Na marke nake so, in babu in yi da darbejiya. In na dawo daga gona nakan yanko reshe in ajiye cikin ruwa kada ya bushe. Ranar nan, tana da kamar shekara uku, ina tsugune bakin rariya da safe ina goge baki, sai na hango ta can gefe ta tsinci kara tana tauna, in na tofar ta tofar. Washegari na yanki ɗan siriri daidai yatsanta, na tauna kansa har ya yi laushi don kada ya fasa mata dasashi, na ɗora a kan gajeriyar katangar da ke tsakanin ɗakina da rariya, na tafi masallaci. Da na dawo babu shi. Tun daga ranar kullum sai na ajiye, kullum sai ta ɗauka. Ta tsuguna can, ni nan, ba mai kallon wani. In na kai asuwaki ga haƙoran ciki ita ma ta kai, in na goge harshe ta goge, in na kurkure ta miƙa hannu ga butar da na bari. Rabi takan tsaya bakin madafa tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce da maƙwabciya wai gidanta akwai tsofaffi biyu masu hira da tofi. Gaskiyarta. Hirarmu ke nan, kuma ta ishe ni. Haƙoran yarinyar suka jeru farare, ko sau ɗaya ba ta kwana da ciwon baki ba.

Sanusi kuwa ya yi boko, yana aikin ofis a Gusau. Shi da matarsa Maryam sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Da Yayarku ta kai shiga makaranta, Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta ta ce yarinyar Gusau za ta, ta ɗebe wa Maryam kewa ta kuma yi karatu. Ba shawara ta nema ba. Kuma ko da shawara ce, me zan ce? Namiji ya buɗe baki ya ce yana son 'yar farinsa kusa da shi? Da an yi shekara ana ba da labarina a majalisa. Na ce to. Ranar tafiya na yanka asuwaki dami guda na ɗaure da zare, na ba Rabi na ce ta sa cikin kayan masu tafiya. Na fita gona tun kafin motar ta tashi.

Sai da aka yi hutun makaranta ta dawo, Sanusi ya kawo ta da kansa. Ina zaure na ji muryarta tana gaida Inna, sautin "s" yana fita da wata irin iska. Da ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon tabarma, amma gefen idona ya ga bakin: haƙoran gaba biyu babu. Sanusi ya zauna yana ba da labari da fara'arsa, yadda ya ɗaura zare ya fizge na farko tana kan cinyarsa, ko kuka ba ta yi ba, ya saya mata alawa ladan jarunta. Na tambaye shi, kamar tambayar banza, ina aka kai haƙoran. Ya ɗan yi tunani ya ce yana jin Maryam ta haɗa da shara. A garinmu in haƙorin yaro ya fita, ana haɗa shi da 'yan tsakuwa a jefa bisa rufin ɗaki, a ce wa yaron ya rufe bakinsa kada ƙadangare ya ga gurbin, wai in ya gani sabo ba zai tsiro ba. Ba wanda ya ɗauki abin addini, wasa ne na manya da yara. Amma ni tun tana goye nake kallon rufin ɗakina ina cewa a raina nan za su sauka. Ga shi an share su da ɓawon albasa.

Da safe na yanka asuwaki na ɗora a katanga kamar yadda na saba. Na dawo daga masallaci na tarar da shi yana nan. Tana tsugune a wurinta na dā, amma da jan buroshi a hannu, bakinta fal farin kumfa. Sale, lokacin yana ɗan shekara huɗu, da yaran maƙwabta sun kewaye ta suna roƙon ta ɗan ɗiga musu man a yatsa su lasa. Tana koya musu: sama da ƙasa ake yi, ba gefe da gefe ba, kuma sau biyu, da safe da in za a kwanta.

"Haka Baba ya ce," in ji ta.

Na tsaya da buta a hannu. Ni ban taɓa ce mata komai ba a duniya. Sai na gane wane Baba take nufi.

Mutane sun shaide ni da haƙuri, kuma haƙurin na yi, amma ku sani mai haƙuri ma yana da ciki. Kullum na ci gaba da ajiye asuwaki, kullum yana kwana a wurin, har suka taru suka bushe, Rabi ta kwashe ta hura wuta da su. Jan buroshin nan da ake saƙalewa a jikin taga, in na wuce sai in ji kamar Sanusi ne ya shigo gidana ya zauna a kan buzuna. Na fara neman masu goya mini baya. Na ce da Rabi abin da aka yi da roba ba zai kai itacen Allah ba, ta ce ita dai ta ga bakin yarinya fes. Na kai maganar wurin liman a fakaice, ya ce asuwaki sunna ne babu shakka, amma ba a hana buroshi ba, tsabta ake nema. Na fito ina jin haushinsa shi ma. Har Sale ya fara jefar da nasa asuwakin, yana kuka sai an saya masa irin na Yaya.

Ana cikin haka surukata, kakarku ta Karakkai, ta zo ganin Rabi, don lokacin tana da cikin Hassana. Kun san ta da jan baki na goro da fure, har ta rasu tana tauna ƙashi. Ta ga jikarta da kumfa, ta yi ta yi mata tsiya, wai amarya ta sha sabulu. Ni da ita ba ma haɗa ido, in tana da magana da ni sai ta ɗaga murya tana yi wa Rabi. Tsohuwar ba ta yi kwana biyu ba ta karance ni sarai. Ina cikin ɗaki na ji ta:

"Rabi, ke da wanga ciki wa ka kama maki aiki? In mai gidan ya yarda, ni in tai wurin Inna da kaina in ce a maido yarinya. Ba wanda za ya ce shi ya roƙa. Ya yi tunani har hutun damina."

Ta buɗe mini ƙofar da ba zan iya buɗe wa kaina ba. Kalma ɗaya zan aika Karakkai, yarinyar ta dawo katangarta.

Bayan an koma makaranta na kai wake kasuwar Gusau, na kwana gidan Sanusi. Ban saba ba, amma ina so in gani da idona. Da safe na zauna a baranda da carbi. Suka fito tare bakin famfo, shi da ita. Ya matsa mata man a buroshi, ya matsa wa kansa, suka tsaya gaban wani ɗan madubi da aka kafa a bango. Ta jingina da ƙafarsa. Da suka gama ya kama haɓarta ya ce ta buɗe, ya leƙa ciki, ya kira sunanta ya ce ta koma ta gyara na ciki. Sunan nan da na zaɓa da kaina na raɗa wa liman, ga shi yana yawo a bakin ƙanena kamar ba komai ba. Carbin yana tafiya a hannuna, amma Allah ya sani ba tasbihi nake ba.

Da suka fita Maryam ta kawo mini koko, ta zauna nesa tana ba ni labari, don ita mace ce mai sakin zuciya. Ta ce makon farko yarinyar da asuwakinta take zuwa makaranta cikin aljihu, in an fita tara ta ciro tana tauna. 'Yan ajinsu suka sa mata suna akuyar ƙauye mai cin itace. Ga kuma malamarsu, duk ran Litinin sai ta jera su a fili ta duba farce da haƙori, ta ce wanda ya yi buroshi ya ɗaga hannu. Yayarku haƙoranta sun fi na kowa haske, amma ba ta da hannun ɗagawa. Ta dawo tana kuka, ta ƙi cin abinci, shi ne Sanusi ya hau babur ya sayo mata buroshi. Ashe ba Sanusi kaɗai ya ƙwace mini ita ba, har da wata malama da ban taɓa gani ba, da wasu 'yan mata masu bakin tsiya. Sai Maryam ta ƙara da cewa kwanan nan yarinyar tana kukan haƙorin ciki in ta sha ruwan sanyi. Akwai mai tallan alawa da cingam a ƙofar makaranta, kuma Sanusi ba ya iya hana ta kuɗin tara.

Kunya nake ji in rubuta, amma daɗi na ji. Ba daɗin ciwonta ba, daɗin na sami abin faɗa. Da Sanusi ya dawo da rana na tare shi a zaure. Na ce a gidana yarinyar nan ba ta taɓa ciwon baki ba. Na ce ana cika mata ciki da zaƙi da rana, a zo da safe ana wasan kumfa gaban madubi. Na ce itacen da kakanninmu suka tsufa da shi an mai da shi abin dariya. Ya bar ni na gama, bai katse ni ba. Ya ce maganar alawa gaskiya ce, laifinsa ne, zai daina, kuma zai kai ta asibiti a duba haƙorin. Sannan ya dube ni, abin da bai saba yi ba.

"Yaya, ba maganar haƙori ta kawo ka ba. In ɗiyarka kake so, ka faɗa da bakinka, in haɗa mata kaya yau."

Na kasa. Ya jira, na kasa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ni ina da Sale, ga wani yana tafe, shi kuwa in ta tafi gidan nan zai koma yadda yake dā, sai ƙarar rediyo. Ya ce kuma kada in ɗauka shi ya ci riba duka: komai aka yi mata sai ta ce "a gidanmu ba haka ake yi ba," kuma ba gidansa take nufi ba. Na hau mota na koma 'Yandoto ina juya maganar. Ashe shi ma kishina yake. Wannan bai rage nawa ba ko kaɗan, sai dai ya sa na kasa aika saƙo Karakkai, na kuma kasa cewa na fasa.

Hutun damina ya zo, aka kawo ta. An cike mata ramin haƙorin ciki a asibiti, na gaba sun tsiro manya. Amma akwai wani na gefe da ke girgiɗi, yana lilo kamar zai faɗi. Maryam ta ce an daɗe ana fama da ita, Sanusi ya ɗauko zare ta gudu bayan ɗaki, da gefe ɗaya take cin tuwo. Inna ta ce ta zo ta cire mata, ta ƙi. Surukata ta iso daga Karakkai a makon, ta ce za ta ba ta goro ta ciza, ta rufe baki da hannu biyu. Tsohuwar kuma ta sake ɗaga murya wajen Rabi, ta ce jibi za ta koma, in akwai saƙo a ba ta.

Ban daina ajiye asuwaki ba, ko da yake na daina sa rai. Ran da surukata za ta tafi, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Na yanki na marke, na ɗora a katanga, na tafi masallaci. Da na dawo na kai ido wurin don sabo. Babu asuwaki. A daidai inda yake akwai wani ɗan abu fari kamar ƙwayar masara, da ɗigon jini a gindinsa.

Na waiwaya. Tana tsugune a wurinta, jan buroshin yana ajiye kan buta, asuwakina yana bakinta ta gefen da haƙorin ya fita. Da shi ta cije ta tura har ya faɗo. Tana tofar da jini-jini, idonta yana kan rariya, ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba. Na ɗauki haƙorin, yana da ɗumi. Na kira Sale da ke bakin ƙofa.

"Kai, ce wa waccan ta tsinto tsakuwa. Ka ce mata ta rufe bakinta, ga ƙadangare can bisa katanga."

Ta tsinto ta ba Sale, Sale ya ba ni, duk da tsakanina da ita bai fi taku kaɗan ba. Na haɗa da haƙorin na jefa bisa rufin ɗakina. Muka ji saukarsu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta rufe baki da tafin hannu tana dariya a ciki, kafaɗunta suna rawa. Na tsuguna a wurina na ɗauko nawa asuwakin. Na tofar, ta tofar.

Da hantsi na ce wa Rabi ta gaya wa tsohuwa a bar yarinya inda take, a nemo wata 'yar dangi ta kama aiki. Rabi ta dube ni ta ce ta zaci yau ne zan ce a dawo da ita. Ban iya yi mata bayani ba a lokacin. Abin da na gani shi ne: yarinyar da ta riƙe haƙori yana mata ciwo tun daga Gusau don ta kawo shi katangar nan, ba ta ɓace mini ba. In na dawo da ita, na raba ta da karatunta, na kashe gidan ƙanena, don kawai in riƙa jin tofi kusa da ni da safe. Washegari na ajiye asuwaki, ta ɗauki buroshinta. Ba ta ƙara taɓa nawa ba har hutun ya ƙare. Ban ce abin bai yi mini zafi ba.

Kada ku ɗauka kyauta na yi ba tare da na biya ba. A Gusau ta girma. Sanusi ya kai ta sakandare, shi ya san ƙawayenta, shi aka nemi aurenta wurinsa, shi ya ba da ita, ni ina zaune a sahu na biyu kamar baƙon da aka gayyata. 'Ya'yanta shi suke rugawa su hau, ni sai an ce musu ku gaida Kakan 'Yandoto. Ku kanku da buroshi kuka tashi, don abin da Yaya ta yi shi ƙanne ke yi, kuma ni na riƙa sayo muku da kaina, na hana ku alawar ƙofar makaranta, abin da kuka daɗe kuna jin haushina a kai. Sanusi bai yi mini laifin komai ba, ya riƙe amana fiye da yadda zan iya. Ina yi masa addu'a a kowace salla. Amma in na gan shi ya kira sunanta ta amsa, abin nan na bakin famfo yana taso mini sabo, kuma na daina sa ran zai tafi. Ku bar ni da shi, ba ya cutar da kowa.

Da kaka ta yi a shekarar nan na hau rufin don yin yaɓe. Na duba ban ga haƙorin ba, ruwa ya riga ya nutsar da shi cikin ƙasa. Na shafe wurin da sabon yaɓe, kuma kowace shekara ina ƙara wani a kai. Yana nan a ciki, a wani wuri sama da inda nake sa kaina in na kwanta. Sanusi ya sami sunanta da aurenta da 'ya'yanta. Ni wannan na samu.

Sale, ka sayi bulonka, ka yi ginin daga gabas, akwai fili. In na mutu ku yi yadda kuka so da ɗakin. Katangar ma ku bar ta. Da sallar bana ƙaramar 'yar Yayarku ta tsaya tana kallona ina goge baki, na ga ta tsinci kara.